Shin a ba malaman makaranta bindiga? Amsa ga wata malamar makarantar kwana

Tambaya: Wata malama da ke koyarwa a sakandaren 'yan mata ta kwana a arewa maso yamma ta rubuto cewa: "Assalamu alaikum. Na ji an ce a wasu jihohin Amurka doka ta ba malamai izinin shiga aji da bindiga don kare ɗalibai. A taron iyaye da malamai da muka yi, wani uba ya miƙe ya ce mu ma abin da ya kamace mu ke nan, tunda jami'an tsaro ba sa zuwa sai an gama ɓarna. Mutane da yawa sun goyi bayansa. Ni gidana na jikin ɗakin kwanan yara, dare ya yi ba na iya barci. Shin wannan mafita ce? Kuma a can Amurka ta yi aiki?"

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah Ya tsare ku da yaran da aka ba ku amana. Rashin barcin nan da kika faɗa na san shi. Na yi shekaru ina riƙe da makarantar kwana kafin na koma horar da malamai da shugabannin makarantu kan sha'anin tsaro, kuma har yau in na ji ƙarar babura da tsakar dare sai na tashi zaune. Saboda haka ban ga laifin uban da ya miƙe ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma tunda ra'ayina kika nema, ga shi tun farko: ban goyi bayan a ba malamai bindiga ba. A can Amurka hujjar cewa abin ya yi amfani ba ta tsaya da ƙafarta ba har yau. A nan kuwa abin da nake tsoro shi ne satar yara ta koma kisan yara.

Yawancin masu kawo misalin Amurka rabin labarin suka ji. Muhawarar ta yi zafi ne bayan 14 ga Disamban 2012, ranar da wani matashi ɗan shekara 20 ya kutsa firamaren Sandy Hook a jihar Connecticut ya kashe yara 20 'yan shekara 6 da 7, da manya 6. Bayan mako guda Wayne LaPierre, jagoran ƙungiyar masu bindiga ta NRA a lokacin, ya fito ya ce babu mai tsayar da mugu mai bindiga sai mutumin kirki mai bindiga. Shi a ranar jami'ai masu makami ya nema a kowace makaranta, amma nan da nan maganar ta gangaro kan malamai, don ɗaukar ɗan sanda ga kowace makaranta kuɗi ne mai yawa, malami kuwa yana nan, an riga an biya shi albashi. A 2013 jihar Dakota ta Kudu ta yi dokar da ta fito fili ta halatta wa ma'aikatan makaranta riƙe bindiga, wasu jihohi suka bi sahu.

Masu wannan ra'ayi ba mahaukata ba ne, kuma hujjarsu mafi ƙarfi ita ce irin ta uban da ya yi magana a taronku, wato nisa da lokaci. Tun a 2007 wani ɗan ƙaramin gari mai suna Harrold a jihar Teksas ya amince malamansa su riƙe bindiga. Ɗaliban makarantar ba su fi ɗari da 'yan kai ba, kuma ofishin 'yan sandan da ke kula da su tafiyar kusan rabin awa ce. Irin wannan hari kuwa a cikin mintuna ake gama shi. A makarantar Parkland ta jihar Fulorida, ranar 14 ga Fabrairun 2018, maharin bai wuce kimanin minti 6 a cikin ginin ba, ya kashe mutum 17. Suna kuma da labarin da suke yawan kawowa: a 1997, a garin Pearl na jihar Mississippi, mataimakin shugaban makaranta ya ruga motarsa ya ɗauko bindigarsa, ya tsare ɗalibin da ya yi harbi har 'yan sanda suka iso. Kwamitin da ya binciki harin Parkland ma a ƙarshe shawarar da ya bayar ita ce a bar malaman da suka amince kuma aka horar su riƙe makami.

To amma ki lura da abin da ya faru a Parkland ɗin. Akwai ɗan sanda mai bindiga wanda aikinsa ke nan gadin makarantar. Ya ji harbi, ya tsaya a waje bai shiga ba. Ranar 24 ga Mayun 2022 a garin Uvalde na Teksas, jami'an tsaro 376 ne suka taru a firamaren Robb, amma sai da aka yi minti 77 kafin a buɗe ajin da maharin yake ciki, an kashe yara 19 da malamai mata 2. Kowane ɓangare ya ɗauki waɗannan labarai a matsayin hujjarsa. Masu son a ba malamai bindiga suka ce kun gani, ba a dogara da 'yan sanda. Masu adawa suka ce idan wanda ya yi shekaru yana atisaye, yana sanye da rigar sulke, zuciyarsa ta karaya a gaban bindigar yaƙi, me ake tsammani daga malamar aji huɗu? Ni ina tare da na biyu, kuma dalilina yana cikin lissafin awannin horo.

A Fulorida ana buƙatar awa 144 kafin ma'aikacin makaranta ya riƙe makami. A jihar Tenesi, wadda ta yi dokarta a 2024, shekara guda bayan an kashe yara 3 da manya 3 a wata makaranta a Nashville, awa 40 ne, kuma dokar ta hana a gaya wa iyaye wane malami ne ke ɗauke da bindiga. A Ohayo kuwa, a 2022 aka sauko da sharaɗin daga sama da awa 700 zuwa awa 24. Kwana uku ke nan na zaman bita. Ki ajiye wannan a gefe, ki dubi binciken da cibiyar nazari ta RAND da ke Amurka ta yi wa rundunar 'yan sandan birnin New York, wanda aka fitar a 2008. An gano cewa tsakanin 1998 da 2006, idan ana musayar wuta, kashi 18 cikin 100 na harsasan 'yan sanda ne kawai ke samun wanda aka nufa. Sauran kashi 82 suna tafiya wani wurin. A kan titi wannan wurin bango ne ko mota. A farfajiyar makaranta, inda yara ke gudu ta kowace kusurwa, kin san ko mene ne.

Harbin allo a filin atisaye daban yake da harbi a lokacin da ake harbinki. Hannu yana rawa, ido yana ƙanƙancewa ya daina ganin gefe, kunne yana toshewa. Sojoji da 'yan sanda suna maimaita atisaye ne har jiki ya riƙa aiki ba sai ya jira tunani ba, kuma duk da haka ga sakamakon. Shi malami a wannan daƙiƙar yana da wani aiki da babu mai yi masa: kulle ƙofa, kwantar da yara ƙasa, hana su kuka, ƙirga su, nemo musu hanyar fita. In ya fita neman mahari, ajin ya zama babu babba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Sannan akwai sauran kwanakin shekara da ba a kawo hari ba, waɗanda su ne kusan duka. Bindigar tana nan a makaranta kullum. A watan Maris na 2018, a garin Seaside na Kalifoniya, wani malami wanda shi kansa ɗan sandan wucin gadi ne yana cikin darasi bindigarsa ta tashi, ɓarɓashin harsashi ya ji wa ɗalibi rauni. Makonni biyu kafin nan, a Dalton ta jihar Jojiya, wani malami ya kulle kansa a aji ya harba bindiga. An sha samun rahoton malami ya manta bindiga a banɗaki yara sun tsinta. Kamfanonin inshora, waɗanda sana'arsu ke nan auna haɗari da kuɗi, sun ba da tasu amsar: a 2013 kamfanin da ke yi wa mafi yawan makarantun jihar Kansas inshora ya ce ba zai ci gaba da makarantar da ta ba ma'aikata bindiga ba. Su kansu malaman, a ƙuri'ar jin ra'ayi da cibiyar Gallup ta yi a Maris ɗin 2018, kashi 73 cikin 100 cewa suka yi ba sa so.

Game da ko ta yi aiki, masu nazarin dokokin bindiga a cibiyar RAND sun duba binciken da ake da su, suka ce babu ingantacciyar hujjar da za a yanke hukunci da ita a kan tasirin ba ma'aikatan makaranta makami. Wani nazari da ya fito a 2021 a mujallar likitanci ta JAMA Network Open ya bi hare-hare 133 da aka kai makarantu daga 1980 zuwa 2019. Bai sami raguwar mutuwa a inda ake da jami'i mai bindiga ba, hasali ma adadin waɗanda suka mutu ya fi yawa a can, kusan ninki uku. Ba na so ki ɗauki wannan fiye da matsayinsa, don yana yiwuwa makarantun da ke cikin haɗari tun asali su ne aka fi kai wa jami'ai. Amma masu binciken sun ja hankali kan wani abu mai muhimmanci: da yawa daga maharan nan sun shigo ne da niyyar su mutu, kuma wanda ya zo neman mutuwa bindiga ba ta tsorata shi. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba. Mafi yawan masu harbi a makarantun Amurka ɗaliban makarantar ne, ko waɗanda suka bar ta ba da daɗewa ba, kuma galibi daga gida suke ɗauko bindigar. Abin da ake nema daga malami shi ne ya ɗaga bindiga ya harbe yaron da jiya ya duba masa littafi.

Idan misali ake nema, Pakistan ta fi kusa da halin da muke ciki. Ranar 16 ga Disamban 2014 'yan Taliban suka shiga makarantar sojoji ta Peshawar suka kashe kusan mutum 150, 132 daga cikinsu yara. A watan Janairun 2015 gwamnatin lardin Khyber Pakhtunkhwa ta ba malamai izinin zuwa aiki da bindiga, har 'yan sanda suka riƙa koya wa malamai mata harbi. A watan Yuni na shekarar, a garin Mingora, wani malami yana goge bindigarsa a makaranta ta tashi ta kashe ɗalibi ɗan shekara 12. A Janairun 2016 kuma aka kai hari Jami'ar Bacha Khan da ke Charsadda. Wani malamin kimiyyar sinadarai ya zaro ƙaramar bindigarsa ya yi ta maza, ɗalibansa suka ce tsayuwarsa ta ba wasu damar tsira. An kashe shi, tare da mutum kusan 20. Duk lokacin da na tuna mutumin nan sai na ji girmansa a raina. Maharan ranar su 4 ne kawai, kuma bindigarsa ba ta iya tsayar da su ba.

Yanzu mu dawo gida, don a nan ne misalin Amurka ke rushewa gaba ɗaya. Can mahari ɗaya ne, yana shigowa da rana, kisa ya kawo shi. Su kuwa waɗanda suka je Ƙanƙara ranar 11 ga Disamban 2020 suka kwashi yara sama da 300, da waɗanda suka je Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, da Tegina a Mayun 2021, da Kuriga a Maris ɗin 2024, da Maga da Papiri a Nuwamban 2025, gungu ne a kan babura, bibbiyu ko uku-uku, ɗauke da AK-47. Kuma yaran suke so da rai, don kuɗin fansa ko don matsa wa gwamnati lamba. Wannan magana ce mai ɗaci, amma dole a faɗe ta: a yawancin waɗannan hare-hare mafi yawan yaran sun dawo gida da ransu, bayan wahalar da ba ta misaltuwa. An saki 344 na Ƙanƙara cikin mako guda, 'yan matan Jangebe 279 cikin kwana huɗu. Ba kullum ake dacewa haka ba. An kashe ɗalibai 5 na Jami'ar Greenfield a hannun masu garkuwa, wasu 'yan matan Birnin Yauri sai da suka yi kusan shekara biyu a daji, kuma har yau akwai 'yan matan Chibok da ba su dawo ba.

Ki kawo daren a ranki. Ƙarfe biyu ne, babu wuta. Mutum hamsin sun tsallako katanga, ko ma babu katangar. Malamai uku a kwatas suna da bindiga. Wace irin bindiga? Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigogin yaƙi, har da ƙaramar bindigar hannu irin wadda malamin Amurka ke sakawa a ƙugu, suna cikin waɗanda aka haramta, sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar farauta sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai bindigar toka, irin ta maharba. Ke nan abin da malami zai iya samu bisa doka bindigar farauta ce mai baki ɗaya ko biyu, wadda ba ta da wani tasiri bayan taku hamsin ko sittin. AK-47 tana ɗaukar harsashi 30 a zubi ɗaya, tana kaiwa mita 300, kuma tana huda ƙofar langa-langa da taga. Da malami ya saki harbi ɗaya, mutum hamsin za su mayar da wuta inda suka ga hasken. In gidansa na jikin ɗakin kwanan yara, kamar naki, to ɗakin kwanan ne ya shiga tsakiyar wuta.

Kar a ce ai da sun san akwai bindiga ba za su zo ba. A Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri akwai 'yan sanda a ranar 17 ga Yunin 2021. Da rana tsaka aka zo, aka kashe ɗan sanda, aka tafi da ɗalibai da malamai. Kwalejin gandun daji ta Afaka, inda aka kwashi ɗalibai 39 a Maris ɗin 2021, maƙwabciyar makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA ce. A watan Agustan shekarar aka shiga NDA ɗin kanta, aka kashe hafsoshi 2 aka tafi da ɗaya. Mutanen da suka yi wannan, bindigar farauta uku a kwatas ɗin malamai ba za ta hana su zuwa ba. Tana iya zama ma abin da zai jawo su, tunda bindiga a wurinsu ganima ce. Kuma babu sirrin da zai ɓoyu, kin san matsalar infoma a garuruwanmu. Kafin wata ya zagayo sun san gidan da bindiga take, sun san sunan mai ita. Ranar da za su zo, ta gidansa za su fara.

Malamai tun ba su riƙe komai ba ana kashe su. Asusun UNICEF ya faɗa a 2017 cewa an kashe malamai sama da 2,295 a arewa maso gabas tun 2009, an raba 19,000 da muhallinsu. A Maga mataimakin shugaban makarantar aka harbe. Ranar da aka sanar a rediyo cewa malaman jiha kaza suna da makami, duk wani mai riƙe da alli ya zama abokin gaba a idon ɓarayin daji, har wanda bai taɓa taɓa bindiga ba, har malamin ƙauye da ke tafiya shi kaɗai a kan babur ranar Litinin da safe. Haka kuma in sojoji sun iso cikin duhu suka ga mutum da farar riga riƙe da bindiga a harabar makaranta, ba su da lokacin tambayar katin shaidarsa.

Akwai wani ɓangare da sai wanda ya zauna a makarantar kwana ya sani. Gidan malami ba rufaffen wuri ba ne. Yara suna shiga su kai ruwa, su yi shara, su kai littattafai, 'ya'yan malamin suna wasa a ɗaki. Makarantun kwana suna fuskantar boren ɗalibai lokaci zuwa lokaci, kan abinci, ko ruwa, ko wani hukunci da aka yi, a wayi gari an farfasa tagogi an yi jifa. Na taɓa tsayawa tsakanin ɗalibai masu fushi da malamin da suke nema, kuma abin da na gode wa Allah a kansa a daren shi ne babu abin da ya fi sanda a hannun kowa. Har yanzu muna fama da malaman da ba sa iya riƙe fushinsu da bulala a hannu. Ga wanda ke bin bashin albashin watanni, a ƙasar da bindiga ke da kasuwa. Ban faɗi haka don in ɓata malamai ba, ni ma cikinsu na fito. Amma duk tsarin da zai raba dubban bindigogi dole ya yi lissafi da mafi raunin waɗanda za su karɓa.

An ma gwada wani abu mai kama da haka. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kansu, ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. A 2023 kuma Sufeto Janar ya dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Don haka ko taronku ya amince, shugaban makaranta ko kwamishinan ilimi ba su da ikon halatta abin. Malamin da ya sayi bindiga ta bayan fage, in aka kama shi a shingen bincike, shi kaɗai zai amsa, kuma zargin da za a fara yi masa shi ne kai wa 'yan bindiga makamai.

Wani zai ce ai addini ya halatta kare kai. Haka ne, kuma ban ce mutum ya miƙa wuya a yanka shi ba. Amma malamanmu na fiƙihu suna da ƙa'ida cewa kawar da ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani. Mutum ya tsaya ya kare gidansa, wannan zaɓinsa ne da ransa. Buɗe wuta a tsakiyar 'ya'yan mutane ɗari biyar da aka ba ka amana wani hukunci ne daban, don ba ranka kaɗai ka sa a faifai ba.

Kar ki fahimce ni cewa makaranta ba ta buƙatar masu makami. A yankin da ke cikin haɗari tana buƙata. Tambayar ita ce a hannun wa, kuma a tsaye a ina. A Ƙanƙara 'yan sanda sun ce musayar wutar da masu gadi suka yi da maharan ce ta ba ɗalibai da yawa damar tsallake katanga su tsere. Amfanin bindiga a makaranta ke nan, ta sayo mintuna. Wannan aikin na wanda ba shi da wani aiki sai shi ne: ɗan sanda, sibil difens, ko dakarun da jihohi suka kafa, irin na Katsina da aka ƙaddamar a 2023 da Askarawan Zamfara a 2024, masu shugaba da rajistar makamai da wanda za a tuhuma in an yi ba daidai ba. Wurin tsayuwarsu kuma bakin hanya ne da wajen katanga, nesa da inda yara ke kwana, don in wuta ta tashi ta tashi can. Yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙulla a Oslo a 2015, wadda Najeriya ta sa wa hannu har ta karɓi baƙuncin taronta a Abuja a 2021, tana gargaɗi a kan mayar da makaranta sansanin masu ɗauke da makami, saboda hakan yana mayar da ita abin kai wa hari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawancin hare-haren nan ba daga sama suke faɗowa ba. Babura arba'in ba sa ɓuya. Manoma suna ganinsu, makiyaya suna ganinsu, 'yan acaɓa da masu shayi suna jin ƙishin-ƙishin tun da yamma. A Maga, gwamnan Kebbi Nasir Idris da bakinsa ya ce sun sami bayanan sirri, an tura sojoji, sojojin suka janye da misalin ƙarfe 3 na dare, kafin ƙarfe 4 an kwashe 'yan mata 25. Labari ya zo a kan lokaci, an rasa wanda zai riƙe shi har gari ya waye. A 2024 UNICEF ta fitar da rahoton cewa a jihohi 10 da aka duba, kashi 37 cikin 100 na makarantu ne kawai ke da tsarin gano haɗari da wuri. Gwamnatin tarayya ta fitar da shirin kashe naira biliyan 144.8 kan tsaron makarantu daga 2023 zuwa 2026, akwai kuma cibiyar kai ɗauki ga makarantu a ƙarƙashin sibil difens. Iyayen da suka cika zauren taronku suna da haƙƙin su tambayi ɗan majalisarsu da kwamishina nawa ne ya iso makarantarsu daga ciki. Tsoron da nake ji game da maganar ba malamai bindiga har da wannan: tana sauke wa hukuma nauyi. An ba ku bindiga, in an sace yara laifinku ne.

In kin koma taro, ina ba ki shawara kar ki yi jayayya da uban nan a gaban jama'a. Ki nemi a sa shi cikin kwamitin tsaron makaranta, tare da mai unguwa, da liman, da shugaban 'yan sintiri, da wakilin DPO. Mutumin da ya miƙe ya yi magana irin wannan yana da zafin da ake buƙata. Sai ku zauna ku amsa tambayoyin da bindiga ba ta amsawa. In manomi ya ga babura a bakin daji da la'asar, lambar wa zai kira, kuma in babu sabis, wa ke da rediyon oba-oba? In labari ya iso, wa ke da ikon cewa a kwashe yara zuwa cikin gari yau ɗin nan ba tare da jiran takarda daga ma'aikata ba? In an girke jami'ai, wa za su sanar kafin su tashi? Wace ƙara ce yara suka sani in sun ji ta, jiniya ko usur ko lasifikar masallaci, kuma kowane ɗaki ta ina zai fita, gidan wa zai nufa? A gwada wannan da rana, a sake gwadawa da dare, har 'yar aji ɗaya ta iya yi cikin magagin barci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku riƙa kiran suna kowane dare kuna rubutawa. A Jangebe an fara cewa 317 aka sace, aka dawo 279. A Kuriga an ce 287, waɗanda aka dawo da su 137 ne. A ganina wannan ruɗani yana da nasaba da rashin rajistar da ake cikewa kullum, kuma yarinyar da ba a san ta ɓata ba babu mai nemanta. Idan kuma kwamitin ya duba ya ga makarantar na bakin daji, babu katanga, taimako mafi kusa tafiyar awa guda ne, to ku yi ƙarfin halin neman a mayar da ita jeka-ka-dawo ko a haɗe ta da wata a cikin gari har abubuwa su lafa. Na san illar hakan. Duk lokacin da aka rufe makarantar kwana akwai 'yan matan da karatunsu ya ƙare ke nan, aure ya biyo baya. Shi ya sa nake cewa a matsar da ita, kar a rufe.

Ke kuma a karan kanki, Malama, akwai abin da za ki iya dubawa yau ba sai an kira taro ba. A makarantu da yawa da na zagaya, ana kulle ɗakin kwanan 'yan mata ta waje da kwaɗo, makullin yana hannun mutum ɗaya, tagogi kuma duk an yi musu ƙarfe. Ana yi ne don tsare su, amma in hari ya zo, ko gobara, an tara su wuri ɗaya babu mafita. In an yi sallar isha'i ki zagaya ki ga wa ke riƙe da makullin, ko ƙofar na buɗuwa ta ciki, kuma ko akwai ƙofa ta biyu da ke fita ta bayan ginin.